Jim Corbett: Maharbin da ya shafe shekara 31 yana bin sawun damisoshi masu cin mutane a Indiya

A shekarar 1907, a yankin Kumaon da ke gindin duwatsun Himalaya a arewacin Indiya, akwai ƙauyukan da mutanensu suka daina zuwa gona, suka daina zuwa itace, har bayan gida ma sai a bakin ƙofa. Dalili kuwa wata damisa ce guda ɗaya tak. Ta fara ɓarna a ƙasar Nepal, inda aka ce ta ci mutum 200, har sai da aka tura mutane ɗauke da makamai suka koro ta zuwa tsallaken iyaka. Da ta shigo Kumaon ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kafin a ga bayanta, lissafin hukuma ya kai mutum 436.

Wanda ya kashe ta ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai shekara 31 da ya zo hutu gida. Sunansa Edward James Corbett, amma duniya ta fi saninsa da Jim Corbett. Wannan ce farautarsa ta farko ta dabba mai cin mutane, kuma bai ajiye aikin ba sai a 1938, yana da shekara 63.

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa damisa iri biyu ce a Indiya. Akwai mai roɗi-roɗi, irin wadda aka sani a dazukan Afirka. Akwai kuma babbar, mai ratsin baƙi a kan jar fata, wadda Turawa ke kira taiga, babu ita a dajin Afirka, kuma ƙaton namijinta yakan haura kilo 200. Corbett ya yi karo da kowace, ya kuma lura cewa halinsu ya bambanta idan suka koma cin mutum: taiga da rana tsaka take kamu, mai roɗi-roɗi kuwa sai dare ya raba, har cikin ɗaki.

Yaron daji

An haife shi ranar 25 ga Yulin 1875 a garin Nainital, a gidan Turawan da suka daɗe da zama a Indiya. Mahaifinsa, Christopher William Corbett, shi ne shugaban gidan waya na garin, ya kuma rasu a 1881, ya bar mahaifiyar yaron, Mary Jane, da 'ya'ya masu yawa da ƙaramin ƙarfi. Idan sanyi ya tsananta a kan dutse, iyalin sukan sauko gidansu na Kaladhungi, wanda daji ya kewaye.

A wannan daji Jim ya yi makarantarsa ta gaskiya. Ya fara da danƙo, daga baya ya samu wata tsohuwar bindiga. Yayansa Tom da wani maharbin ƙauye mai suna Kunwar Singh su ne suka ɗora shi a hanya. Ya koyi karanta sawu, ya gane namiji ne ko mace, tsoho ne ko yaro, gudu yake ko tafiya. Ya koyi cewa kukan biri a kan itace da haushin barewa da hayaniyar tsuntsaye duk labari suke bayarwa game da inda damisa take da inda ta nufa. Ya kuma iya kwaikwayon kukan dabbobi da bakinsa, ya ji harshen mutanen yankin kamar ɗan gida.

Talauci bai bar shi ya yi dogon karatu ba. Kafin ya cika shekara ashirin ya kama aiki da kamfanin jirgin ƙasa, daga baya ya karɓi kwangilar tsallakar da kaya a kogin Ganges a Mokameh Ghat da ke Bihar, inda ya shafe fiye da shekara ashirin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tara mutum 500 daga Kumaon ya kai su Faransa aikin ƙwadago na soja, ya dawo da 499.

Champawat

Da hukuma ta nemi ya je ya kashe damisar Champawat, sai ya gindaya sharaɗi biyu: a janye ladan kuɗin da aka sa a kanta, a kuma janye sauran maharban da aka tura. Ba ya son a ce don kuɗi ya je, kuma ba ya son wani mai bindiga ya harbe shi a cikin duhuwa bisa kuskure. Haka ya riƙe a sauran rayuwarsa.

Ya isa ƙauyen Pali ya tarar mutane sun yi kwanaki a kulle. Don ya ƙarfafa musu gwiwa, ya fita da dare ya zauna a bakin hanya, ya jingina da itace, shi kaɗai da bindiga. Daga baya shi da kansa ya ba da labarin cewa wauta ce ya tafka: duk inuwar da ta motsa sai ya ga damisa ce, haƙoransa na kaɗawa don tsoro da sanyi har gari ya waye. Wannan na cikin abin da ya sa ake yarda da labaransa. Bai taɓa nuna cewa ba ya jin tsoro ba.

Ana nan sai taigar ta kama wata yarinya 'yar kimanin shekara 16 da ta je itace kusa da garin Champawat. Corbett ya bi jini da tsinkakkiyar sarƙar wuyanta har cikin wani kwazazzabo, inda ya tarar da ƙafarta a bakin wani ɗan kududdufi. Ya durƙusa yana dubawa, ya manta da abin da ya kawo shi, sai jikinsa ya ba shi cewa akwai haɗari. Ya ɗago bindiga, ya ga ƙasa na gangarowa daga gaɓar da ke samansa. Dabbar ce ta leƙo ta koma.

Washegari jami'in haraji na yankin ya tara masa maza kusan 300 da ganguna da gwangwanaye da tsofaffin bindigogi. Suka jeru a kan tudu suka ɓarke da ihu, taigar ta fito ta nufo inda Corbett ke jira. Harsashi uku kacal ya zo da shi, kuma sai da ya ƙarar da su duka, har ya ruga ya karɓi bindigar jami'in, kafin dabbar ta faɗi.

Da ya buɗe bakinta sai ya ga fiƙoƙinta biyu na dama, na sama da na ƙasa, a karye suke, kuma harbin bindiga ne ya karya su tun da daɗewa. Wani ne ya harbe ta bai kashe ba, ya tafi abinsa. Dabbar da ba ta iya riƙe barewa ko ɓauna, sai ta koma kan abin da ba ya gudu kuma ba shi da ƙaho: mata masu yankan ciyawa da ganyen shanu.

Abin da ya yi ta gani ke nan a tsawon shekara talatin. Taigar Muktesar, wadda ya kashe a 1910 bayan ta ci mutum 24, ta rasa ido ɗaya a faɗa da beguwa, ga ƙayoyi kusan hamsin a nitse a ƙafarta. Ta Mohan ma ƙayar beguwa ce ta ruɓar mata da ƙafa. Ta Thak harsasan bindigar ƙauye ne a jikinta. A ƙiyasinsa, cikin goma tara rauni ne ke mayar da taiga mai cin mutum, ɗaya kuma tsufa.

Shekara takwas ana kulle ƙofa

Damisa mai roɗi-roɗi kuwa, a ganinsa, annoba ce ke koya mata. Mabiya addinin Hindu ƙona gawa suke yi a bakin kogi, amma idan mutuwa ta yi yawa ba a samun masu ɗauka, sai a jefa gawarwaki cikin kwari. Damisa ba ta ƙin mushe. Idan annoba ta wuce, gawa ta ƙare, sai ta nemi masu rai. Damisar Panar, wadda aka ɗora wa ran mutum 400 kafin Corbett ya kashe ta a 1910, bayan annobar kwalara ta ɓullo. Ta Rudraprayag kuma bayan annobar murar nan ta 1918 da ta game duniya.

Ta Rudraprayag ita ce ta fi wahalar da shi, ita ce kuma ta fi suna, domin a kan hanyar masu ziyarar wuraren ibada na Kedarnath da Badrinath take, inda a wancan lokacin dubban mutane suke bi da ƙafa kowace shekara. Daga 1918 zuwa 1926 hukuma ta lissafa mutum 125, Corbett kuwa yana ganin sun fi haka. Jaridun ƙasashen waje sun yi ta buga labarinta. Da rana ta faɗi, duk yankin da take yawo a cikin Garhwal sai ya yi tsit, kowa ya shige ya tokare ƙofa. Ko hakan bai isa ba, don tana fasa ƙofa, tana shiga ta taga, tana haƙa bangon ƙasa. Akwai wani yaro maraya makiyayi da yake kwana a ɗaki ɗaya da awaki arba'in. Ta shiga ta tsallake awakin duka, ta ɗauke shi, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Babu dabarar da ba a gwada ba. An ɗana mata bindigogi, an sa guba a gawar waɗanda ta kashe, ta ci ta tashi. Corbett da abokinsa William Ibbotson, wanda shi ne babban jami'in mulkin yankin, sun ɗana wani ƙaton tarkon ƙarfe. Ya kama ta, amma ƙafarta ta faɗa daidai inda haƙorin tarkon ɗaya ya karye, ta zare ta tafi. Ya kwana ashirin a kan hasumiyar gadar kogin Alaknanda yana jiran ta zo tsallakawa, iska na neman jefo shi, ba ta zo ba. Sau da yawa idan gari ya waye ya dubi hanyar da ya biyo da dare, sai ya ga sawunta a kan nasa.

A 1925 ya shafe mako goma yana wannan fama, ya koma gida a galabaice ba tare da nasara ba. Ya ce ya tafi ne domin gajiya da rashin barci sun kai shi matakin da zai iya zama abincinta. A nan ake gane bambancin maharbi da mai ganganci.

Ya dawo a 1926. Ya lura cewa tana bin hanyar Golabrai kusan duk bayan kwana biyar, sai ya ɗaure akuya mai ƙararrawa a wuya a tsakiyar hanya, ya hau wani itacen mangwaro. Ya yi dare goma ba labari. A dare na goma sha ɗaya, a farkon watan Mayu, ya ji ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfi. Ya kunna tocilan da ya ɗaure a jikin bindiga, ya ga kafaɗar dabbar, ya harba, tocilan ta mutu nan take. Ya kwana a kan itacen bai san ko ya samu ko bai samu ba. Da asuba ya bi jini ya same ta a mace a wani rami. Ashe tsohon namiji ne, fiƙarsa ɗaya a karye, jikinsa duk tabo. Akuyar ma ta tsira. Dubban mutane suka yi ta zuwa kallo, wasu suna zuba furanni a ƙafafun maharbin.

Da ƙafa, kuma shi kaɗai

Manyan Turawan mulki da sarakunan Indiya a kan giwa suke farautar taiga, ɗaruruwan talakawa na koro musu ita. Corbett ya fi son ya bi mai cin mutane da ƙafa, kuma ba ya son rakiya. Hujjarsa ita ce abokin tafiya idan ba shi da bindiga nauyi ne, idan yana da ita kuma haɗari ne.

Haɗarin irin wannan farauta shi ne dabbar ta daina tsoron mutum, don haka mai nema shi ma nemansa ake yi. Ya lura cewa taiga tana lallaɓo abin da za ta kama ne ta inda iska ba za ta kai masa warinta ba, kuma haka take yi wa mutum. Ke nan wanda ke tafiya yana fuskantar iska, ta bayansa mutuwa za ta zo. Saboda haka yakan yi tafiya a karkace, yana sauya gefe, don ya mayar da haɗarin dama ko hagu inda ido zai iya gani. Kowane dutse da kowane kurmi a bakin hanya sai ya ɗauka akwai abu a bayansa.

Duk da haka an sha kusa gamawa da shi. A ranar 11 ga Afrilun 1930, yana bin taigar Chowgarh wadda ta ci aƙalla mutum 64, ya tsinci ƙwan yautai guda biyu a wani kwazazzabo. Da yake mai tara ƙwan tsuntsaye ne, sai ya ɗauka ya riƙe a hannun hagu. Yana zagaya wani dutse ya waiga, sai ga taigar kwance, tsakaninsu bai wuce taku uku ba, tana kallonsa. Bindigar tana hannun dama, bakinta na kallon wani gefe. Da ya zabura da ta dira a kansa. Sai ya riƙa juya bindigar da hannu ɗaya, a hankali ƙwarai, har bakinta ya daidaita, ya danna. Harsashin ya karya mata ƙashin baya. Ya ce ƙwan nan na cikin abin da ya cece shi, domin da hannunsa biyu a sake suke, da ya yi saurin da zai tunzura ta. Ya koma ya mayar da su sheƙarsu.

Wannan farauta tana da wani ɓangare mai ɗaci. Shekara guda kafin nan ya samu taigar tare da 'yarta da ta girma suna cin saniya, ya harbi wadda ya zaci ita ce uwar, ashe 'yar ce. Mutanen da uwar ta ci a watannin da suka biyo baya, kuskuren nan ne ya jawo musu.

A 1929 kuma ya tafi neman taigar Talla Des da kunne ɗaya a fashe, bayan bindigar wani ta tashi kusa da kansa a wata farauta. Ƙurji ya taru a cikin kansa har fuska ta kumbura, ido ɗaya ya rufe. Mutumin da rayuwarsa ta dogara ga ji, ga shi yana bin dabba mai rauni da kunne ɗaya, har cikin dare. Ƙurjin ya fashe yana kan itace, ya samu sauƙi, ya ƙarasa aikin. Wannan kam, ko masoyansa sun san ya wuce jarumta ya shiga kasada.

Ta ƙarshe ita ce taigar Thak. Ya yi wa 'yar'uwarsa Maggie alkawarin daga ita ya daina, kuma ranar 30 ga Nuwamban 1938 ce ranarsa ta ƙarshe a wurin. Da yamma, yana shirin haƙura, ya jiyo ta tana kiran namiji. Ya cika ƙirji ya amsa mata da muryar namijin taiga. Ta yi ta matsowa, suna kira suna amsawa, haske na ƙarewa, ga mutum huɗu da awaki biyu a maƙale a ƙarƙashin dutsen da yake kai. Da ta makara da 'yan daƙiƙoƙi, da a duhu za ta iske su. Ta fito da sauran ɗan haske, ya harba, ƙarfin bindigar ya hankaɗo shi daga dutsen ya faɗa kan mutanensa.

Ba waliyyi ba ne

Jimillar mutanen da dabbobin da ya kashe suka ci, bisa alƙaluman da aka ajiye, ta haura 1,200. Sai dai bai kamata a wanke shi tas ba. Ya yi farautar nishaɗi shekaru da yawa, a Indiya da gabashin Afirka. Ƙaton taigan nan na Powalgarh da ya harbe a 1930 bai taɓa cin mutum ba. Girmansa ne ya sa maharba ke ribibinsa. Na Pipal Pani, wanda ya sani tun yana ɗan ƙarami, ya kashe shi ne bisa zaton zai zama mai cin mutane, daga baya ya gane zaton banza ne, ya yi nadama. Ya kuma shirya wa manyan Turawan mulki farauta, har da Gwamna Janar Lord Linlithgow. Mulkin da ya yi wa hidima shi ne ya riƙa biyan lada a kan kashe taiga da sare dazuka don katakon layin dogo.

Amma ya juya tun da sauran ƙarfinsa. Wani jami'in gandun daji, F. W. Champion, ya kwaɗaita masa ɗaukar hoto, ya sayi kyamara, ya koma kwashe watanni yana jiran taiga don ya ɗauke ta a fim. Ya riƙa zagaya makarantu yana yi wa yara bayanin daji, ya rufe da rurin taiga da bakinsa. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa gandun Hailey a 1936, gandun ƙasa na farko a Indiya. Ƙauyen Chhoti Haldwani da ya saya kusa da Kaladhungi, ya kewaye shi da katanga don kare amfanin gona daga aladun daji, daga bisani ya bar wa manoman da ke zaune a ciki.

A Yaƙin Duniya na Biyu, yana dab da shekara saba'in, ya koyar da sojojin da za su tafi Burma dabarun zaman daji. A 1944 ne littafinsa Man-Eaters of Kumaon ya fito, ya samu karɓuwa a Ingila da Amurka, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. A cikinsa ya yi gargaɗin cewa taiga za ta ƙare idan ba a tashi tsaye ba. Ƙidayar 1972 ta samu 1,827 kacal a duk Indiya, kuma a gandun nan da ya taimaka aka kafa ne gwamnati ta ƙaddamar da shirin ceto taiga a 1973. A lokacin gandun ya riga ya koma amsa sunansa.

A 1947, shekarar da Indiya ta samu 'yanci, shi da Maggie suka tattara suka koma garin Nyeri a Kenya. Bai taɓa aure ba, ita ma haka. A can ya rubuta yawancin sauran littattafansa. A daren 5 ga Fabrairun 1952 yana tare da Gimbiya Elizabeth a masaukin Treetops, wanda aka gina a kan itace don kallon namun daji. A daren ne mahaifinta, Sarki George na Shida, ya rasu a Ingila, ta sauko daga itacen tana Sarauniya ba ta sani ba.

Corbett ya rasu ranar 19 ga Afrilun 1955 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 79, kwanaki kaɗan bayan ya kammala littafinsa na ƙarshe, Tree Tops. An binne shi a maƙabartar cocin St Peter da ke Nyeri. Maggie ta bi shi a 1963. Gidansu na Kaladhungi yanzu gidan tarihi ne, kuma a Golabrai akwai alama a wurin da damisar Rudraprayag ta faɗi.